Kafin ka ba mai cacar ƙwallo hayar shago a Sakkwato, ga yadda ake duba takardunsa

Shaguna shida mahaifinmu ya bar mana a Mabera, jere guda a bakin hanya. Tun bayan rasuwarsa ni 'yan'uwa suka ɗora wa kula da su: karɓar haya, gyaran rufi idan damina ta matso, da raba abin da aka samu tsakanin magada goma sha ɗaya, har da iyayenmu mata biyu. A farkon 2025 shago na huɗu ya zama babu kowa. Sai ga wani matashi mai tsafta da ladabi, riƙe da fayil, ya ce yana so, kuma zai biya shekara biyu a dunƙule, a kan kuɗin da ya kusa ninka abin da telan da ke maƙwabtaka da shi yake biya. Na tambaye shi sana'ar, ya ce shagon kwamfuta ne da kallon ƙwallo. Da na matsa masa, ya ce akwai "ɗan bet" a ciki, amma kada in damu, suna da lasisin gwamnatin tarayya.

Da na kai wa baffanmu maganar a zaurensa bayan isha'i, sai ya ce: "Ɗana, akwai haƙƙin marayu cikin wanga shago. Kak ka amshi ko sisi sai ka san mi za a yi ciki." Na ce, "To, ranka shi daɗe." Mako uku na yi ina bin zancen, tsakanin wani lauya da muka yi karatu tare da ofisoshin gwamnati. Abin da na koya shi nake son in shimfiɗa wa masu shaguna da dillalai irina, domin na ga yadda fayil mai hatimi yake sa dattijo ya sa hannu bai karanta ba.

Fara da ido kafin takarda

Ka tambayi mai neman haya kayan da zai zuba a shagon, ɗaya bayan ɗaya. Gidan kallo na gaskiya yana buƙatar babbar talabijin ɗaya ko biyu, benci, fanka da janareta. Idan ka ji ana lissafa ƙananan alluna huɗu ko biyar a jikin bango, da kanta mai kwamfuta, da 'yar firinta mai fitar da siririyar takarda irin ta POS, da labule mai kauri a ƙofa, to tikitin caca za a yanka. Wasu allunan ma ba ƙwallon gaske suke nunawa ba, wasan kwamfuta ne na ƙwallo ko tseren karnuka da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna a sake wani, kuma shi ya fi cinye kuɗin yara saboda babu jiran Asabar. Kuɗin hayar ma shaida ne. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ninka farashin unguwa ba tare da ka nema ba, yana sayen shirunka ne tare da shagon.

Takardun da ke cikin fayil

A nan nake son mai karatu ya natsu, domin nan ne ake yi wa mutane rufa-ido, wani lokaci ma shi kansa matashin bai san abin da yake riƙe da shi ba. Takardu biyar na tarar a fayil ɗin da aka kawo mini, kowace da aikinta.

Ta farko shaidar rajista ce ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Abin da take cewa kawai shi ne akwai kamfani ko sunan kasuwanci mai wannan suna. Mai sayar da albasa a kasuwar Kara ma zai iya mallakar irinta. Ta biyu lambar biyan haraji ce. Ta uku takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC wanda ke sa ido kan halasta kuɗin haram. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sanya gidajen caca cikin sana'o'in da dole su yi rajista da shi. Duk ukun nan babu wadda ta ce "an yarda ka buɗe caca a wuri kaza". Ta huɗu wasiƙa ce daga kamfanin cacar da ke cewa wannan matashi wakilinsu ne, yana karɓar kamasho. Yarjejeniya ce tsakaninsa da su, ba ta ɗaure gwamnati ba, ba ta kuma kare ka ba.

Ta biyar ita ce wadda yake taƙama da ita: kwafin lasisi mai tambarin Hukumar Kula da Caca ta Ƙasa, NLRC. An kafa wannan hukuma ne a ƙarƙashin dokar caca ta ƙasa ta 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, kuma shekara da shekaru kamfanoni suna riƙe da lasisinta a matsayin izinin aiki ko'ina a Najeriya. Jihar Legas ba ta yarda ba. Tun 2008 ta shigar da ƙara tana cewa caca ba ta cikin abubuwa 68 da kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya ita kaɗai, ba ta kuma cikin waɗanda tarayya da jihohi suke tarayya a kai, don haka hurumin majalisun jihohi ne. Shari'ar ta ɗauki shekara 16. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli, da alƙalai bakwai, baki ɗaya, ta ba Legas gaskiya: dokar 2005 ba ta da ƙarfi a kowace jiha, iyakarta Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Ka ga ke nan takardar da aka miƙo mini a Mabera, wata biyu da 'yan kai bayan wannan hukunci, iyakar ƙarfinta Abuja. Da na faɗa wa matashin haka, sai ya dawo bayan kwana biyu da wata takarda, ta hukumar kula da caca ta jihar Legas. Ita ma takarda ce ta gaske, amma majalisar Legas ba ta yi wa Sakkwato doka, kamar yadda tamu ba ta yi musu. Wasu jihohin da suka halatta caca sun haɗa kai suna karɓar lasisin juna. Wannan ya shafi waɗanda suka shiga yarjejeniyar ne kaɗai.

Saboda haka tambaya ɗaya ce za ka yi, kuma kada ka bari a kauce mata: ina takardar da gwamnatin jihar Sakkwato ta ba ka, mai ɗauke da sunan wannan sana'a da adireshin wannan shago? A duk shekarun da na yi ina hulɗa da 'yan haya, ban ga wanda ya ajiye mini irinta a kan tebur ba. Idan wani ya kawo maka, kada ka tsaya ga kwafi. Ɗauki lambarta ka tafi ofishin da aka ce shi ya bayar, ka nemi su tabbatar maka a rubuce.

Abin da dokar gida ta ce

Sakkwato tana cikin jihohin da suka dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuffuka a shekarar 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa. Caca laifi ce a wannan tsari, kuma kotunan shari'a suna da hurumi a kan Musulmi. Wanda ba Musulmi ba kada ya ɗauka babu ruwansa: dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, tun asali tana da sashe a kan riƙe gidan caca, kuma ita ba ta tambayar addinin mutum. Ka sa lauyanka ya buɗe maka dokar jihar da ke aiki yanzu ya karanta maka sashen da bakinsa. Nawa ya ja hankalina ga abu guda: mai gini da ya san abin da ake yi a ciki kuma ya ƙyale, yana iya samun kansa cikin tuhuma tare da ɗan hayarsa. Ga kuma Hisbah, wadda gwamnatin Ahmad Aliyu ta farfaɗo da ita. A Kano mun ga Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ranar da aka garƙame shago, kamfanin yana Legas, wakilin ya kashe waya, ƙofarka ce ke ɗauke da kwaɗo.

Ɓangaren addini ba sai na tsawaita ba, ɗan makarantar allo ma ya san ayar caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma a farkon surar aka hana taimakon juna a kan zunubi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne cewa kuɗin nan za su shiga tukunyar iyayenmu mata, waɗanda suka amince da ni ba su taɓa tambayar daga ina ba.

"Ai muna biyan haraji"

Wannan ita ce hujja ta ƙarshe da za a kawo maka, kuma gaskiya ne ana biya. Kamfanonin caca suna biyan harajin kamfani ga hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 su sauya mata suna. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024 sun ce a cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin Najeriya ya ci a caca, kashi 15 ga wanda ba mazauni ba. Wanda ya ci naira 100,000, naira 5,000 ta gwamnati ce. Tun dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, harajin caca yana layin jihohi, kuɗin shago kuma na ƙaramar hukuma. To amma rasit shaidar karɓar kuɗi ne kurum. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu da ya yanka wa shago rasit ɗin shekara, kuɗin shago ya karɓa, kuma zai yanka wa mai shayi irinsa. Kada ka bari a jera maka rasitai a ce maka izini ne.

Rubuta shi a yarjejeniya

Ko da ka gamsu cewa mai neman hayar tela ne ko mai caji, kada ka yi cinikin biri a sama. Mu nan mun saba da ba da shago a kan amana da shaidar mutum biyu, amma amana ba ta hana ɗan haya ya sayar wa wani ragowar wa'adinsa. Tun daga lokacin, duk takardar haya da na rubuta tana ɗauke da abu uku. Ana ambaton sana'ar da sunanta, a ce ɗinki ko sayar da kayan masarufi, ba "kasuwanci" kawai ba. Ana rubuta cewa ba za a yi caca kowace iri ba a shagon, ko ta tikiti, ko ta kwamfuta, ko karɓar kuɗin mutane a zuba musu a asusun caca, kuma yin haka ya warware yarjejeniyar. Sannan ba za a miƙa shagon ga wani ba sai da sa hannuna. Mai unguwa yana cikin shaiduna, kuma ina ba shi kwafi. Shekara ɗaya nake karɓa, ba biyu ba, domin wanda ya ci kuɗin shekara biyu ya raba wa magada, ba shi da bakin cewa a fita.

Wannan magana ta zuba kuɗi a asusu na sa ta ne da gangan. Yawancin cacar yau ta koma cikin waya, kuma yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda ko a jihohin da suka halatta caca ba a yarda ya buga ba, yakan kawo tsabar kuɗi wurin mai POS ko mai caji ya ce a tura masa. Na taɓa tsayawa a wani shago a Gawon Nama na ga ɗan makaranta da kayan makaranta a jikinsa yana miƙa naira 500 don haka. Ba ni da iko da wayar kowa, amma ina da iko da abin da ake yi a ƙarƙashin rufin mahaifina.

Idan ya riga ya shiga

Kada ka ɓalle ƙofa, kada ka cire rufi, kada ka tara samari su watsar masa da kaya. Yin haka yana mayar da mai gaskiya mai laifi a gaban alƙali. Fara da magana, a gaban mai unguwa da limami, ka ba shi dama ya sauya sana'a ko ya tashi ka mayar masa da ragowar kuɗinsa. Sau da yawa a nan ake gamawa, domin shi ma ba ya son hayaniya. In ya ƙi, lauya ya rubuta masa takardar tashi. A tsarin da aka saba a dokokin haya na Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai hayar shekara yana da notis na wata shida, mai hayar wata yana da wata ɗaya, sannan a biyo da na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Ka kuma kai rahoto a rubuce ga Hisbah ko 'yan sanda, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, domin ita ce shaidarka cewa ba da yardarka ake yi ba.

Shagonmu na huɗu ya yi wata huɗu a rufe bayan na mayar wa matashin fayil ɗinsa. Biyu daga cikin ƙannena sun yi mini ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da buƙatarsa, ga azumi ya matso a lokacin. Na tara su a ɗakin Inna na shimfiɗa kwafin takardun biyar a kan tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi a nan. Bayan babbar Sallah wani baduku daga cikin gari ya karɓi shagon a kan farashin unguwa, shekara ɗaya, ya sa hannu a ƙarƙashin sharuɗɗan uku, mai unguwa ya sa nasa.