Yadda ake rinin baba ba tare da an lalata ruwan unguwa ba

Duk wanda ya taɓa bi ta lungun da ake rinin zamani ya san abin da nake nufi, kwata ta koma shuɗiya, wari na shiga hanci har ido ya kawo ruwa, kuma a Kano yawancin ruwan nan Jakara yake gangarawa, inda masu lambu ke ɗiba su ba latas da kabeji. Abin na damuna sosai wallahi. Shi baba ba shi da laifi, matsalar kostik soda ce da haidiro, wato sinadarin da ke sa shuni ya narke, da ake zubawa don rini ya tashi cikin minti kaɗan. A Ƙofar Mata tun 1498 ake rini, baba da toka da kanwa ne kayan aikin, to bari mu bi hanyar daki-daki.

Fara da baban kansa. In kana da ɗan fili shuka shi da damina, dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi ba ya cinye ta. Ka yanka daf da zai yi fure, lokacin ganyen ya fi launi, a daka a dunƙula a shanya ya bushe. In saye za ka yi ka tambaya da kyau, don shunin kanti da yawa na masana'anta ne, tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da irinsa, shi ne ma ya karya noman baba a Indiya.

Sai ruwan toka. Kar a sare itace don wannan, tokar murhu ta gidaje da ta masu gidan burodi ta isa, kyauta ma za a ba ka. Tankaɗe ta, jiƙa, bari ta kwanta ka tsiyaye ruwan da ke samanta, in ka murza a yatsa ka ji santsi kamar sabulu to ya yi.

Yanzu haɗi, kuma nan ne haƙuri ke ƙare wa mutane. Zuba baba cikin ruwan tokar a rijiyar rini ko babban duro, ka rufe ka bar shi ya ruɓa, ƙwayoyin bakteriya da ke ciki su ne ke yin aikin da haidiro ke yi, kawai dai su ba sa sauri, kwanaki ake ɗauka, da hunturu ma ya fi daɗewa don rini na son ɗumi. Kullum ka motsa da muciya a hankali, kar ka buga iska ta shiga. Ranar da ka ga kumfa mai ƙyalli kamar jan ƙarfe a sama, ruwan ƙasa kuma kore-kore, ya nuna. In ya yi rauni ɗan ƙara masa dusa da ruwan toka, zai farfaɗo, ba sai an zubar an sake sabo ba.

Wajen tsomawa jiƙa yadin tukuna da ruwa zalla. Tsoma, matse a cikin rinin, fito da shi ka baza, a gabanka zai juye daga kore zuwa shuɗi, wannan har yau ba na gajiya da kallonsa. Gara ka tsoma kaɗan-kaɗan sau da yawa da ka bar shi ya daɗe sau ɗaya, launin ya fi kamawa kuma ba ya zuba wajen wanki. Sa safar hannu don Allah, ruwan toka ma na cin fata.

Ɗauraya ce ke cin ruwa. Jera bahu uku, in na farko ya yi duhu ka juye shi cikin rinin don akwai shuni a ciki, na biyu ya koma na farko, haka. A na ƙarshe sa ɗan ruwan tsamiya, yana kashe kaifin tokar. Abin da ya rage kar ya shiga kwata kai tsaye, haƙa rami nesa da rijiyar sha, ka shimfiɗa yashi da gawayi ya tace.

Laka da ta taru a gindin rijiyar rini kuwa, katsi kenan, kar ka yar. Magabata dunƙula shi suke su shanya su ƙona su mayar cikin sabon haɗi, da shi kuma ake yin laso da ake shafe rijiyar don kar ta yi yoyo. Ka duba bangon rijiyarka bayan kowace kwasa, in ka ga tsaga ka toshe kafin ka sake cikawa.