Yadda Yarabawa ke auna halin mutum: jagora ga ɗan kasuwar Sakkwato

Idan kana kai albasar Goronyo ko Wurno kasuwar Bodija ta Ibadan ko Mile 12 ta Legas, ko kana da maƙwabci Bayarabe a nan Babbar Kasuwa, to ana auna ka tun kafin a taya kayanka. Wanda suka yarda da halinsa shi suke kira omoluabi, mai tarbiyyar gida, kuma a ƙananan abubuwa suke gane shi.

Gaisuwa ce farko, kafin maganar kuɗi. Da safe "e kaaro", da rana "e kaasan", wanda ka tarar yana aiki kuma "e ku ise". Ka riƙe wannan "e" ɗin da kyau, ita ce ta girmamawa. "O" a madadin "e" kuwa ta tsara ce da ƙanana, in ka yi wa dattijo ita ka zubar masa da girma a gaban yaransa. Ba sai ka kwanta ba kamar yadda samarinsu ke yi wa iyaye; rusunawarmu ta wadatar. Ka bari babba ya fara miƙo hannu.

Shekaru suna da nauyi ƙwarai a wurinsu. Wanda ya girme ka ko da kaɗan ne, kada ka kira sunansa gatsau. Ka ce Baba, Mama ko Egbon (wato yaya), mace mai ɗa kuma da sunan ɗanta, kamar Iya Tunde. Kuɗi da kaya da hannun dama ake miƙa su. In dama ta cika, ka nemi afuwa tukuna.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne godiya. Mu kan gode sau ɗaya mu bar sauran a zuci. Su kuwa, wanda ya yi maka alheri yau yana sauraron "e se ana", godiyar jiya, idan kun haɗu gobe. Ka yi shiru, sai a ɗauke ka butulu, alhali kawaici ne ya hana ka.

Haka ɗaga murya. Matan kasuwa na ciniki da ƙarfi, sau da yawa ba faɗa ba ne. In ka harzuƙa ka rama, kai za a ce ba ka da haƙuri, wanda suke ɗauka uban dukkan hali. Saɓani ya yi tsanani, ka kai wa Iyaloja ko Babaloja, shugabannin kasuwa, ta hannun sarkin Hausawan wurin.

Sauran awon a hankali ake yin sa: biyan bashi ranar da ka ambata, zubin adashi ba tsallake, zuwa suna da gaisuwar mutuwa. In an kawo maka ankon biki ka saya, ko ka ba da uzuri da bakinka, kada ka aika yaro. Kafin a ba ka kaya bashi ko aure, za a tambayi maƙwabtanka da abokan cinikinka ba da saninka ba.