Ga masu fita farautar fakara da zabon daji

'Yan uwa mafarauta, barkanmu da war haka. Tunda an gama girbi, ku daina wahalar da karnuka cikin surƙuƙin daji, fakara ba ta nisa da gona. Ku bi gefen gonakin dawa da gyaɗa da aka girbe, musamman inda yayi ya haɗu da fadama, kamar bakin kogunan Galma da Kubanni na Zariya. Da asuba takan hau suri ta yi ta kuka, gara take nema, da tsabar da ta zube, da aya-ayar da take tonowa. In kun ga ƙasa a barbaje da ɗan rami da gashi a ciki, wurin birgimarta ne, gobe ma za ta dawo.

Zabon daji kuwa garke yake yi, ya sauko ruwa da la'asar, ya kwana kan doguwar bishiya, kashinsa a gindinta zai nuna muku. Kazar dutse sai wuri mai duwatsu irin dutsen Kufena na Zariya.

Wanda ya samu ɗaya ya tsaga ƙundunta, abin da ke ciki zai faɗa masa gonar da suke kiwo. Amma don Allah da damina a ƙyale su, lokacin ƙwai ne.