Yadda ake shirin kallon tsohuwar ƙungiyar kiɗan metal ido da ido

Ƙungiyoyin da suka raya reshen kiɗan metal (kiɗan Turawa mai tsananin ƙarar jita da ganga) da ake kira alternative metal sun kwana biyu a duniya. An kafa Deftones a Sacramento a 1988, Tool a Los Angeles a 1990, Korn kuma a Bakersfield a 1993, duk a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma har yanzu suna hawa dandamali. Mai niyyar zuwa kallonsu ya kamata ya fara shiri tun da sauran makonni.

Ka sayi tikiti daga shafin ƙungiyar ko na zauren da za a yi wasan, domin masu sayarwa a bayan fage sukan ninka farashi, wani lokaci ma tikitin na bogi ne. Daga nan sai ka leƙa shafin setlist.fm, inda masoya ke rubuta jerin waƙoƙin da aka yi a kowane dare. Ƙungiyar da ta haura shekara 30 tana da waƙoƙin da ba za su shiga cikin awa biyu ba, saboda haka gara ka san tun daga gida ko wadda kake muradi tana cikin jerin. Ka kuma sa a ranka cewa mutanen sun sauya: Deftones ta rasa mai kaɗa jitar bass ɗinta, Chi Cheng, a 2013, kuma mawaƙin da ya wuce hamsin ba zai yi kururuwa daidai da yadda ya yi yana saurayi ba.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a wurina shi ne kunne. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana iya jure ta awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci zuwa rabi, wato a desibel 100 minti 15 kacal ya rage. Wasan metal kuwa yakan kai 100, har ya zarce, kuma yana ɗaukar dare guda idan an haɗa da ƙungiyar da ke buɗe fage. Ka tafi da abin toshe kunne. Na soso mai arha yana aiki, sai dai yana dusashe sautin jita. Wanda aka ƙera domin makaɗa yana rage ƙara ba tare da ya ɓata daɗin kiɗan ba. Idan na soson ne, ka murza shi tsakanin yatsu har ya sirance, ka ja saman kunnen da ɗaya hannun, ka tura shi, ka riƙe har ya kumbura ya cike ramin.

Sai batun wurin tsayawa. Sauti ya fi daidaita kusa da teburin injiniyan sauti, wanda galibi yake tsakiyar zaure, tunda daga nan yake saurare yana gyarawa. Gaban dandamali kuwa akwai matsi, kuma a bayan wannan matsin kaɗan ne ake buɗe da'irar da matasa ke ture juna da kafaɗa idan ganga ta yi zafi. Wanda bai sani ba zai ɗauka faɗa ne, alhali akwai ƙa'ida: duk wanda ya faɗi, na kusa da shi su ɗaga shi nan take, wanda ya tsinci takalmi ko waya ya ɗaga sama har mai shi ya gani. Idan ba ka son shiga, ka ja gefe, ka sa takalmi rufaffe mai igiya, ka sha ruwa kafin a fara.

Ka karanta dokar zauren game da jaka da waya. Tool ta yi suna wajen hana ɗaukar hoto, inda takan ba da izini sai a waƙar ƙarshe kawai, kuma ana iya fitar da wanda ya saɓa. Bayan an tashi, idan kunnenka yana ƙugi, ka ba shi hutu daga ƙara. In ƙugin ya ɗauki kwanaki bai lafa ba, ka je wurin likitan kunne.