Yadda za ka riƙa ɗaukar darasi a waya ba tare da lakca ta tsere maka ba

Duk ɗalibin da ya taɓa samun kujerar baya a babban ɗakin lakca, ko a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ko a sabon da ke titin Gwarzo, ya san yadda abin yake. Malami na zuba bayani, kai kana kokawa da jimla ta biyu, shi ya kai ta biyar. Wayar da ke aljihunka za ta iya rage maka wannan wahala, in ka tsara ta tun kafin karatu ya kankama.

Da farko zaɓi manhaja ɗaya ka tsaya a kanta. Google Keep ba ta da nauyi, ta dace da gajerun abubuwa irin su ranar tes ko sunan littafin da malami ya ambata. Amma darasin zango guda cur, ni OneNote ta kamfanin Microsoft nake ba da shawara, domin tsarinta kamar na littafin rubutu ne: littafi, sashe, shafi. Dukkansu kyauta ne, kuma kana iya rubutu a ciki ko babu data. Buɗe littafi ɗaya na zangon, ka ba kowane kwas sashensa, kowace lakca shafinta, da kwanan wata da kan magana a sama. Mai karatun Hausa ya ƙara harshen Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, sai ƙ da ɗ da ɓ su samu ba tare da wahala ba.

Kafin ka fito da waya a aji, sami malamin ka faɗa masa da ladabi cewa rubutu kake yi. Malamai da yawa in suka ga kai a sunkuye kan waya, hira suke zato, kuma suna da hujja. Naɗar murya ko ɗaukar hoton allo kuwa, kada ka yi sai da izini. Sannan ka kashe data. Saƙo ɗaya daga zauren WhatsApp na aji ya isa ya ɗauke maka hankali har malami ya wuce wurin da za a yi tambaya a kai.

A cikin lakcar, kada ka ce sai ka kama kowace kalma, yatsa biyu ba za su cim ma bakin malami ba. Rubuta kan magana, ma'anar kalmomi, da misalin da ya bayar. Abin da ya maimaita sau biyu, ko ya ce "ku lura da wannan", sa masa tauraro. Inda ka ɓace sa alamar tambaya ka ci gaba. Lissafi da zane kuma takarda ta fi sauri, don haka biro da littafi su kasance a gefe; bayan an tashi sai ka ɗauki hoton shafin ka saka shi ƙarƙashin rubutun ranar.

Matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda aka fi tsallakewa: komawa kan rubutun a ranar. Tun a 1885 masanin nan Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu. Na sha ganin ɗalibi ya tara hotunan allo fal a waya, bai waiwaye su ba sai daren jarrabawa, a lokacin ya kasa gane wanne ne na wane kwas. Saboda haka tsakanin magariba da isha'i, ko da zarar ka ci abincin dare, buɗe shafin. Cike guraben da ka bari tun muryar malami na kunnenka, ka tura wa abokin karatu inda ka sa alamar tambaya. Daga nan rubuta tambayoyi uku ko huɗu a saman shafin, da taƙaitawa ta layi biyu a ƙasa, da kalmominka. Wannan ya yi kama da tsarin Cornell, wato salon ɗaukar darasi da Walter Pauk ya fito da shi a Amurka a shekarun 1950. Ranar bita tambayoyin za ka fara amsawa da ka, kafin ka leƙa amsa.

Roƙona ɗaya: kada ka yi wannan bitar a cikin adaidaita sahu. Ƙwacen waya a Kano ba sabon labari ba ne, kuma shi ya sa rubutunka bai kamata ya zauna a waya kaɗai ba. Kowane dare kunna data na ɗan lokaci manhajar ta tura komai intanet. OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, na ba da gigabait 5 kyauta, Google na ba da 15, sun ishi rubutu da takardun da malamai ke rabawa. Takardun da aka turo ta WhatsApp ma kwashe su zuwa can, kowanne a jakar kwas ɗinsa.

A makon farko, ari kwamfutar wani ka shiga asusunka, ka tabbata shafin lakcar jiya yana nan, sannan ka fita daga asusun kafin ka miƙa masa kayansa.