Gobara a gidan haya da rauni a wurin aiki: shawara ga sababbin zuwa Ingila

Jama'armu a Landan da Manchesta da Birmingham sun iya karɓar baƙo, domin da wuya Bahaushe ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow ya rasa wanda zai tarbe shi, ya ba shi masauki, ya kuma nuna masa masallaci da shagon da ake samun garin tuwo. Inda muke gazawa shi ne bayanin abin da zai tsare ran baƙon a ɗakin da zai kwana da wurin da zai yi aiki. Su ma sababbin zuwan ba su cika tambaya ba, hankalinsu yana kan kuɗin haya da albashin farko.

Lambar 'yan kwana-kwana da motar asibiti da 'yan sanda ɗaya ce, 999, kuma kiranta kyauta ne. Idan ƙararrawar gobara ta kaɗa a wurin aiki, ku bar jaka da riga ku bi matakala, ba a shiga lif. Wannan kowa yana koyonsa a makon farko.

Wahalar tana gidan haya. Sabon zuwa ba shi da tarihin biyan haya a ƙasar, ba shi da mai tsaya masa, saboda haka yakan faɗa hannun masu yanka gida ɗaya su mai da shi ɗakuna bakwai ko takwas, su karɓi kuɗi a hannu ba tare da rasit ba. Dokar Ingila kuwa ta ɗora wa mai gida nauyi bayyananne. Tun 2015 wajibi ne ya sanya na'urar jin hayaƙi a kowane hawa na gidan da ya ba da haya, kuma daga Oktoban 2022 dole ne ya sanya na'urar gano iskar kabon monoksaid a ɗakin da ke da boila, wato na'urar dumama ruwa da gida, ko wani murhun dumama ɗaki. Duk shekara sai injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, ya duba kayan gas ya ba da takarda, wayoyin lantarki kuma a duba su aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. Gidan da mutum 5 ko fiye suke zaune, waɗanda ba iyali ɗaya ba ne kuma suna tarayya a kicin ko bayi, sai da lasisin ƙaramar hukuma. Ku nemi ganin waɗannan takardu kafin ku ba da ko fam ɗaya na kafin alƙalami, ko da mai gidan ɗan garinku ne, ko da a sahu ɗaya kuke salla.

A sanyina na farko na zauna a wani ɗaki da boila take bayan ƙofarsa. Ni da maƙwabcina muka yi ta tashi da ciwon kai da jiri, wanda yakan wartsake da zarar mun fita waje. Da na nemi takardar gas, mai gidan ya ce da ni, "Malam, idan ɗakin bai yi maka ba, akwai masu jira." Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kano ce ta matsa mana muka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999, injiniyan da ya zo ya rufe boilar nan take ya liƙa mata takardar gargaɗi. Iskar kabon monoksaid da boila mai matsala ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce dai wadda take kashe iyali a gida idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Har yau ina ganin matasa suna kwana a irin wannan ɗaki, suna shan maganin ciwon kai, suna cewa sanyin Turai ne bai karɓe su ba.

Wani ɓangare na haɗarin kuma daga hannunmu yake. Na shiga gidaje da dama na tarar an ɗaure na'urar jin hayaƙi da safa ko leda, ko an cire batirinta, saboda tana kuka duk lokacin da aka sa turaren wuta ko aka soya ƙosai. Gidajen nan a rufe suke ruf, tagoginsu gilashi biyu ne, hura gawayi a cikinsu kasada ce da rai, don haka uwargida ta nemi kaskon turare na lantarki ta buɗe taga. Idan mai ya kama wuta a kan murhu, a kashe murhun idan hannu zai kai, a rufe ƙofar kicin a fita a kira 999, kada a kuskura a watsa masa ruwa. Ƙofofi masu nauyi da suke rufe kansu an yi su ne don su tare wuta da hayaƙi na kimanin rabin sa'a, tokare su da takalmi yana ɓata amfaninsu gaba ɗaya. Kada kuma a shanya kaya a kan hita.

Masu kai abinci a keken lantarki su saurara da kyau. A watan Maris na 2023, a unguwar Shadwell ta gabashin Landan, batirin keke da ake caji ya kama wuta a wani gida mai ɗaki biyu da aka cusa maza kusan 20 a ciki, yawancinsu 'yan Bangladash, mutum ɗaya ya rasu. Kada ku yi caji kuna barci, kada ku ajiye keke a hanyar fita, kada ku sayi cajar da ba ta batirin ba don arha. Gobarar benen Grenfell na Landan ta ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci mutum 72 a cikin watan azumi, daga firji ta tashi, kuma mazauna benen sun daɗe suna kai kuka kan haɗarin wuta kafin ta auku. Hukumar kashe gobara ta Landan tana zuwa duba gida kyauta, ƙaramar hukuma kuma tana da sashen da ke tilasta wa mai gida gyara, kai ƙara gare su ba butulci ba ne.

A wurin aiki, dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974 ta shafi kowa, har wanda kamfanin ɗaukar 'yan ƙwadago ya turo. Safar hannu da takalmin kariya da riga mai ƙyalli kyauta ake bayarwa, ba a cire kuɗinsu a albashi. Masu aikin shara kada su haɗa bilic da wani ruwan wanke bayi, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Masu kula da tsofaffi, waɗanda suka yi yawa a cikinmu tun da aka buɗe bizar wannan aiki a 2022, su ne suka fi damuna. Na san mata da dama da bayansu ya lalace saboda sun ɗaga tsoho su kaɗai alhali tsarin kulawarsa ya ce mutum biyu da na'urar ɗagawa, kuma suka yi shiru don tsoron kada wanda ya ɗauki nauyin bizarsu ya sallame su.

Tsoron yana da dalili, amma doka ta ba ma'aikaci damar barin aikin da ya ga haɗari babba na kusa a cikinsa, kuma ta hana a hukunta shi a kan haka. Duk raunin da kuka ji, komai ƙanƙantarsa, ku sa a rubuta shi a littafin haɗurra a ranar, ku ɗauki hoton shafin, ku ga likita don ya shiga fayil ɗinku. Raunin da ya hana mutum aiki fiye da kwana 7 wajibi ne kamfani ya sanar da hukumar HSE mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata. Ku shiga ƙungiyar ƙwadago kamar Unison ko GMB tun kuna lafiya, domin galibi ba sa ɗaukar shari'ar da ta riga shigar mutum. Wa'adin neman diyya a kotu shekara 3 ne daga ranar raunin, kuma abin da lauya zai fara tambaya shi ne ko an rubuta haɗarin a ranar da ya faru.