Yadda Malamin Kwalejin Sana'a Zai Haɗa Darasin Aji da na Intanet

A Ingila akwai rukunin makarantu da ake kira kwalejojin ƙarin ilimi, waɗanda suke tsakanin sakandare da jami'a. Nan ne matashin da ya cika shekara 16 yake zuwa ya koyi wayarin, ko aikin famfo, ko gyaran mota, ko kula da yara da tsofaffi, kuma nan ne magidancin da ya daɗe da barin makaranta yake komawa da yamma bayan ya tashi daga aiki. Tun daga 2015 doka ta wajabta wa kowane matashi a ƙasar ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya kai shekara 18, saboda haka ajin malamin irin wannan kwaleji yakan tara wanda ya zo da ɗoki, da wanda sakandare ta gajiyar da shi, da kuma mai koyon sana'a a hannun kamfani wanda yake leƙowa rana ɗaya a mako.

Maganar mayar da wani ɓangare na karatun waɗannan ɗalibai kan intanet ta daɗe. A 2014 wani kwamiti da gwamnati ta kafa, mai suna FELTAG, ya ba da shawarar a mayar da kashi 10 cikin ɗari na kowane kwas da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa kan intanet. Sannan a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe kwalejoji ga yawancin ɗalibai, malamai suka koma koyarwa daga gida ba shiri. Abin da waɗancan watanni suka nuna, a ganina, shi ne cewa darasin intanet da ba a ɗaure shi da abin da zai faru a aji ba, ɗalibi yakan buɗe shi sau ɗaya ko sau biyu ya watsar. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ɗaurin ya ta'allaka.

Aikin farko da takarda da biro ake yin sa. Malami ya ɗauki tsarin karatun zangon, ya raba abin da ke ciki gida biyu: abin da ɗalibi ba zai iya koya ba sai da kayan aiki a hannunsa da malami tsaye a kansa, da kuma abin da zai iya fahimta shi kaɗai idan an yi masa bayani mai kyau. Mu ɗauki malamin da ke koyar da wayarin a mataki na biyu, irin kwas ɗin da hukumar City and Guilds take ba da takardar shaida a kansa. Lanƙwasa bututun da wayoyi ke bi, da fere waya ba tare da an ji wa jan ƙarfen ciki rauni ba, da ɗaure ta a bayan soket, duk na ɗakin aikin hannu ne. Amma dokar Ohm, wato lissafin yadda wutar lantarki ke gudana a waya, da karanta alamomin zanen wayarin, da launukan wayoyi, wato ruwan ƙasa ga mai ɗauke da wuta, shuɗi ga mai mayar da ita, kore da rawaya ga ta ƙasa, da sanin yadda ake neman ƙa'ida a cikin kundin ƙa'idojin wayarin mai suna BS 7671 wanda bugunsa na 18 ya fito a 2018, waɗannan ana iya fara su a waya ko kwamfuta kafin a zo. Ribar wannan rabo a bayyane take, domin sa'o'in ɗakin aikin hannu ƙididdigaggu ne, teburan aiki ma haka, kuma asara ce babba a tara matasa a gaban kayan aiki sannan a shafe rabin sa'a ana yi musu bayanin da za su iya saurara a cikin bas.

Bayan rabo sai ɗaukar bidiyo, kuma a nan ne malamai da yawa suke wahalar da kansu ba dalili. Wayar hannu ta wadatar, muddin an kafa ta a kan abin da ba zai girgiza ba, an kuma sa ƙaramin makirufo a wuyan riga, domin ɗalibi yakan haƙura da hoton da bai yi kyau sosai ba amma ba ya haƙura da muryar da ba ya ji. A ɗauki bidiyon a kan allon wutar da ke ɗakin aikin kwalejin, da hannun malamin da muryarsa, ta yadda idan ɗalibi ya shigo washegari zai gane abin da ya gani. Misali mafi dacewa shi ne yanke wuta kafin fara aiki, wanda shi ne darasin da rai ya dogara a kansa, tunda wutar gidajen Ingila bolt 230 ce. Bidiyon ya nuna malami yana gano layin da zai yi aiki a kai, ya kashe shi, ya sa masa kwado ya jefa makullin a aljihunsa, ya rataya takardar gargaɗi, ya gwada na'urar auna wuta a kan abin da aka tabbatar yana da wuta don ya san tana aiki, ya auna layin tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta, sannan ya sake gwada na'urar kafin ya yarda cewa layin ya mutu. Gani ya kori ji, kuma ɗalibi yana iya mayar da shi baya sau goma ba tare da jin kunyar abokansa ba. Amma kallon bidiyo ba ya zama shaidar iyawa. Dole kowane ɗalibi ya yi waɗannan matakai a gaban malami kafin a bar shi ya taɓa komai.

Kada bidiyo ya yi tsawo. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan sun duba miliyoyin kallon da aka yi a dandalin karatun intanet na edX, ya nuna cewa hankalin masu kallo yakan fara janyewa idan bidiyo ya wuce kimanin minti shida. Darasin da ya kai minti ashirin a yanka shi gida uku ko huɗu, kowanne da sunansa. A kuma sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasan hoton, a gyara kurakuran da na'ura ta yi a cikinsa, musamman sunayen kayan aiki. Dokokin da aka kafa a 2018 sun wajabta wa hukumomin gwamnati su sa shafukansu da manhajojinsu su zama masu sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman, amma ko ba don doka ba, rubutun yana taimakon ɗalibin da Turanci ba harshensa na gida ba ne, da wanda yake kallo a ɗakin da ƙannensa ke barci.

Game da wurin da za a ajiye darussan, ƙofa ɗaya ake so. Ko Moodle kwalejin take amfani da shi, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, ko Microsoft Teams, ko Google Classroom, malami ya tsaya a kan guda, kuma shafin kowane mako ya zo da tsari iri ɗaya: abin kallo a sama, tambayoyi a ƙarƙashinsa, sai abin da za a zo da shi aji. Kafin ya sake wa ɗalibai, ya buɗe shafin a wayarsa da asusun ɗalibi, domin yawancinsu a waya za su buɗe, kuma takardar da ta yi kyau a babban allon ofis takan zama ƙananan rubutu da ba sa karantuwa. A makon farko ya tambayi kowa, a rubuce kuma a asirce, wace na'ura yake da ita a gida, da wa yake raba ta, da kuma ko datarsa tana kai shi ƙarshen wata. Matashi ba zai ɗaga hannu a gaban sa'o'insa ya ce ba shi da kwamfuta ba. Wanda aka gano yana da buƙata a haɗa shi da ɗakin karatu, inda kwalejoji da dama suke ba da aron kwamfuta, ko da ofishin da ke kula da tallafin kuɗi na 'yan shekara 16 zuwa 19. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar sauke darasi da intanet na kwaleji a kalla a gida ba tare da data ba, kuma ya kamata a nuna wa ɗalibai yadda ake yi, kada a ɗauka sun sani.

Yanzu ga ɗaurin da na ambata. Kowane bidiyo ya zo da tambayoyi uku zuwa biyar da na'ura za ta duba da kanta, ko a ƙarshensa, ko a tsakiyarsa ta amfani da H5P, wanda yake tsayar da bidiyo ya yi tambaya kafin ya ci gaba. Tambayoyin su kasance masu fito da kuskuren fahimta, kamar a nuna hoton ma'aikaci ya auna layi ya ga babu wuta ya ɗauki sukurdireba, a tambaya wane mataki ya tsallake. Da safe kafin shiga aji malami ya duba sakamakon, wanda ba zai ci masa fiye da 'yan mintuna ba, sannan ya buɗe darasin da tambayar da aka fi faɗuwa a kanta. Idan ɗalibai suka ga cewa abin da suka amsa jiya da dare shi ne abin da malam ya fara da shi yau, za su san ana duba aikinsu, kuma wannan sanin ya fi kowace barazana tasiri.

Sai tambayar da kowane malami zai yi karo da ita a mako na biyu: yaya za a yi da waɗanda ba su kalla ba? Kuskuren da tausayi yake jawowa shi ne malami ya sake yin bayanin daga farko don kada a bar su a baya. Ranar da ya yi haka ya kashe tsarin da hannunsa, domin waɗanda suka kalla za su ga wahalar banza suka sha, mako mai zuwa su ma ba za su kalla ba. Abin da ya fi shi ne a tanadi kwamfuta biyu ko uku da abin sa wa a kunne a gefen ɗakin aikin, wanda bai yi ba ya zauna ya gama kallo da amsa tambayoyi yayin da 'yan'uwansa suka fara aiki da kaya. Babu faɗa, babu tozartawa, kuma dalilin a fili yake, wato ba a taɓa allon wuta sai an san yadda ake yanke ta. Matashin da ya zo kwaleji don ya riƙe filaya ba ya son ya sake zama a wannan kujera. Idan kuwa mutum ɗaya ne yake maimaita zaman mako bayan mako, to akwai wani abu a gida ko a wurin aiki, kuma magana ta keɓe ita ce maganinsa.

Ga ɗalibai 'yan shekara 16 da suka fito daga sakandare inda ƙararrawa ke tsara musu komai, kada a yi tsammanin za su iya tsara lokacinsu nan take. A makonni biyu ko uku na farko a yi ɓangaren intanet tare a cikin aji. Kwalejin Heart of Worcestershire ta yi suna wajen sa sa'ar karatun intanet a cikin jadawalin mako, ta yadda ɗalibi yake da lokaci da wurin zama da ma'aikacin da zai tambaya, kuma ita ce ta jagoranci wata haɗakar kwalejoji da suke haɗa kuɗi a shirya darussa su raba a tsakaninsu. Malami ya bincika ko kwalejinsa tana cikin irin wannan haɗaka kafin ya fara shirya abin da wani ya riga ya shirya.

Masu koyon sana'a a kamfani, da ɗaliban T Level, wato kwas ɗin fasaha na shekara biyu da aka fara a Satumban 2020, waɗanda ake buƙatar su yi aƙalla sa'o'i 315 a wurin aiki, amfanin fasaha a gare su ya bambanta. Su abin da suke buƙata shi ne hanyar aiko da shaidar aikin da suka yi, kamar hoton allon da suka haɗa ko gajeren bidiyo suna bayani, ta kundin aiki na intanet irin su OneFile. A koya musu neman izinin mai gida da na kamfani kafin ɗaukar hoto, da kauce wa fuskokin mutane da lambar gida. Malami kuma ya mayar da amsa da murya ta minti ɗaya idan dandalin ya ba da dama, domin ɗalibin da rubutu ke ba shi wahala yakan saurari murya har ƙarshe.

Darasin kai tsaye ta Teams yana da amfani ga manya masu karatun yamma da ke nesa, amma ba na ba da shawarar malami ɗaya ya koyar da waɗanda ke gabansa da waɗanda ke gida a lokaci guda ba tare da mataimaki ba, don kullum ɓangare ɗaya ne yake zama ɗan kallo. Haka kuma duk hulɗa da ɗalibai ta bi ta asusun kwaleji. Kada malami ya buɗe musu zauren WhatsApp da lambarsa ta kansa, ko da su suka roƙa, domin da yawansu ba su kai shekara 18 ba, kuma ƙa'idojin kare yara da dokar kare bayanai ta 2018 suna aiki a kwaleji kamar yadda suke aiki a makaranta. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 kuwa, rubutun da aka yi a gida ba ya wadatarwa a matsayin shaidar fahimta, sai a haɗa shi da tambayar baki a gaban tebur, a ce wa ɗalibi ya nuna da yatsa abin da ya rubuta.

Malami ya fara da babi ɗaya tak, na makonni huɗu zuwa shida, kuma ya nemi shugaban sashensa ya ware masa lokacin shiri a rubuce, tunda bidiyon minti biyar yakan ci sa'a guda ko fiye a karon farko. Idan babin ya ƙare, ya koma kan sakamakon tambayoyin ya ga wacce ce aka ci gaba da faɗuwa a kanta duk da bayanin aji, ya duba a wane minti ɗalibai suke daina kallo idan dandalin yana nuna hakan, sannan ya tambayi uku ko huɗu daga cikin waɗanda suka fi yin shiru abin da ya hana su ko ya taimake su. Bidiyon da aka samu da matsala a sake ɗaukarsa tun kayan aikin suna kan tebur, kafin a shiga babi na gaba.